Yadda Ake Haɗa Kwamfutoci da Wi-Fi a Ƙaramin Ofis ko Shago

Wannan bayani na mai ofis ne mai ɗaki biyu ko uku, ko mai shagon buga takardu, ko ƙaramar makaranta, wanda yake son kwamfutocinsa su riƙa aika aiki ga firinta ɗaya, wayoyin ma'aikata kuma su samu intanet ba tare da kowa ya sayi datarsa daban ba. Aikin bai fi ƙarfin mai koyo ba, muddin zai bi shi daki-daki, ya kuma gwada kowane mataki kafin ya wuce na gaba. Ƙa'idar da nake bi a irin wannan aiki ita ce, duk na'urar da ba ta barin inda take, kamar kwamfutar tebur da firinta da kyamarar tsaro, a ja mata kebul, a bar wa wayoyin hannu da laftof Wi-Fi. Mutane da yawa ba sa son jin wannan saboda jan kebul akwai wahala, amma mafi yawan kukan da ake yi na cewa netwok ba shi da kyau daga ɗora wa iska nauyin da ya fi ƙarfinta yake fitowa.

Kayan da za a tanada

Na farko rawuta, wato akwatin da ke karɓo intanet ya rarraba. Idan intanet ɗin ta layin waya za a samu, a sayi rawuta mai ramin sim wadda ke kama 4G ko 5G, kuma a tambayi mai sayarwa ko a kulle take ga kamfani ɗaya ko tana karɓar kowane layi. Idan kamfanin da ke jan zaren gilashi ne zai kawo, ko kuwa Starlink, wadda ta fara aiki a Nijeriya a 2023, to da nasu akwatin suke zuwa. A guji ɗan ƙaramin MiFi na aljihu a aikin ofis, domin yawanci ba shi da ramin kebul, batirinsa kuma kan kumbura idan ya daɗe a jone.

Na biyu suwici, akwati mai ramuka 5 ko 8 ko 16 da ke ƙara yawan wuraren jona kebul. Ana buƙatarsa ne idan ramukan bayan rawuta, waɗanda ba kasafai suke wuce huɗu ba, ba za su isa ba. A nemi wanda aka rubuta masa Gigabit, wato mai gudun megabit 1000 a daƙiƙa.

Na uku kebul na Cat5e ko Cat6. A nan ne aka fi cutar mai saye. Akwai kebul mai araha da aka rubuta wa CCA a kwali, wanda cikinsa alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Yana saurin karyewa, kuma ba ya ɗaukar nisa. Hanyar gane shi ita ce a feƙe sili ɗaya a kankare shi da reza: idan fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, a mayar da shi. Na gaske ja ne har cikinsa, kwalinsa ma ya fi nauyi a hannu.

Sai kawunan kebul na RJ45, a sayo fiye da lissafi domin mai koyo dole ya ɓata wasu. Da filayar matsa kan kebul. Da tastar kebul mai fitilu takwas. Da kilif na kafe kebul a bango ko bututun roba. Da salataf da alƙalamin maka na rubuta lamba. Da tef na awo. A ƙarshe a tanadi abin riƙe wuta, ko ƙaramin UPS na rawuta ko layi daga inbata, da soket mai kariya daga hauhawar wuta.

Wanda bai samu filayar matsawa ba kada ya ce zai matsa da sukundireba ko filayar gida. Gara ya auna tsawon da yake buƙata, ya je shagon masu kwamfuta su yanka masa su matsa a gabansa, ko ya sayi kebul da aka riga aka haɗa daga kamfani.

Abin da ya kamata a sani kafin a taɓa komai

Kowace na'ura da ta shiga haɗin tana samun lamba da ake kira adireshin IP, kamar 192.168.1.25. Kashi uku na farko dole su zama iri ɗaya a duk na'urorin ofis, kashi na ƙarshe ne ke bambanta su, kuma ba a yarda na'ura biyu su ɗauki lamba ɗaya ba. A irin tsarin da rawutocin gida ke zuwa da shi, kashin ƙarshen yana kamawa daga 1 zuwa 254. Ba sai mutum ya zauna yana raba lambobin da hannu ba, akwai wani aiki a cikin rawuta mai suna DHCP da ke ba duk wanda ya shigo lamba.

Ita kanta rawuta tana da nata adireshi, kuma matsayinta matsayin zaure ne a gida: mutanen ciki suna iya zirga-zirga tsakanin ɗakuna ba tare da sun bi ta nan ba, amma duk mai fita waje ko shigowa sai ya ratsa ta. Wannan ne ya sa kwamfuta ke iya aika takarda ga firinta ko da data ta ƙare. Abu na ƙarshe shi ne DNS, aikin da ke mayar da sunan shafi zuwa lambar adireshinsa. Wanda ya riƙe waɗannan abubuwa huɗu, wato adireshi da DHCP da ƙofar fita da DNS, ya samu abin da zai ishe shi gano yawancin matsaloli.

Mataki na 1: Zaɓen layi da wurin ajiye rawuta

Kafin a kashe ko sisi, a ari layukan kamfanoni biyu ko uku a gwada su a cikin ofis ɗin da waya, da safe da kuma bayan magariba lokacin da jama'a suka yi yawa a kan turken sabis. Layin da ke gudu a wata unguwa yana iya zama ba ya motsi a wata, saboda haka shawarar aboki da ke wani gefen gari ba hujja ba ce. A Nijeriya a tabbatar an haɗa layin da lambar NIN, kada a wayi gari an rufe shi ana tsakiyar aiki.

Wurin ajiye rawuta ya fi tsadarta muhimmanci. Rawuta mai sim tana da buƙata biyu da ke jan ta gefe biyu: tana son kusa da taga domin ta kamo sabis daga waje, tana kuma son tsakiyar gini domin Wi-Fi ya kai kowane ɗaki. Idan ba za a iya haɗa biyun ba, a fifita taga, daga baya a ja kebul zuwa tsakiya a sa wata na'urar rarrabawa kamar yadda zai zo a mataki na 7. A ɗora ta sama, kusan tsayin kan mutum ko fiye, a fili. Kada a sa ta cikin kabad na ƙarfe, ko bayan firij, ko ƙasan tebur, ko jikin tankin ruwa, domin ƙarfe na mayar da sigina baya, ruwa kuma na shanye ta. Bangon bulo ɗaya ba ya hana komai sosai, amma rufin kankare mai rodi tsakanin bene da ƙasa, da katangar ƙasa mai kauri irin ta tsofaffin gidaje, suna cinye sigina ƙwarai.

Wasu kan ɓoye rawuta cikin silin don gudun ɓarayi ko don kyan gani. Ban ba da wannan shawara ba. Yawancin waɗannan na'urori an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, alhali tsakanin silin da rufin kwano a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Zinder zafin ya zarce haka nesa. Rawutar da ta yi zafi takan rage gudu, ko ta riƙa mutuwa tana tashi da kanta da tsakar rana.

Mataki na 2: Wuta

A karanta abin da aka rubuta a bayan rawuta da jikin adaftarta. Yawancinsu bolt 12 suke ci, amma akwai masu 9 da masu 5, kuma kan adaftocin na iya shiga ramin juna. Shigar kai ba ta nufin dacewa: adaftar 12 a rawutar 9 na iya ƙona ta nan take, adaftar da ƙarfinta bai kai ba kuma za ta kunna fitilu amma na'urar ta riƙa sake tashi da zarar mutane sun yi yawa.

Rawuta takan ɗauki minti ɗaya zuwa biyu kafin ta gama tashi, saboda haka a wurin da ake yawan ɗauke wuta ana sauyawa zuwa janareta, rashin abin riƙe wuta na nufin yankewar aiki sau da dama a wuni. Ƙaramin UPS mai fitar da bolt 12 kai tsaye ya wadatar, tun da abin da rawuta ke ci bai taka kara ya karya ba. Mai sola da inbata ya ware wa rawuta da suwici soket nasu. Kada a jona rawuta kai tsaye a kan batirin sola ba tare da abin daidaita ƙarfi ba, domin batirin da ake kira na bolt 12 yakan haura 14 lokacin caji.

Mataki na 3: Awo da jan kebul

A zana taswirar ofis a takarda, a sa alamar rawuta da suwici da kowace kwamfuta. Kowace na'ura da kebul ɗinta daga suwici; ba a tsaga kebul ɗaya a raba wa biyu yadda ake yi da wayar lantarki. A auna ta bin bango da saman ƙofa, ba a miƙe ta tsakar ɗaki ba, sannan a ƙara mita ɗaya a kowane gefe. Iyakar tsawon kebul guda mita 100 ne. Idan nisan ya wuce haka, a sa wani suwici a tsakiya.

Kada a haɗa kebul ɗin da wayar lantarki cikin bututu ɗaya, a bar tazarar kamar taƙi guda tsakaninsu, idan kuma dole su haɗu to su gicciya juna. Kada a lanƙwasa shi ƙwarai a kusurwa, kada kuma a buga kilif har ya nutse cikin robar. Inda ɓeraye suke, bututun roba ya zama dole. Tun kafin a ja, a naɗa salataf a bakin kebul biyu a rubuta lamba iri ɗaya, domin ranar da ɗaya ya lalace cikin kebul takwas masu launi ɗaya, wannan lambar ce za ta hana a wuni ana lalube.

Mataki na 4: Matsa kan kebul

Wannan ne matakin da ya fi buƙatar natsuwa da haske mai kyau. A feƙe robar waje kamar santimita uku, a hankali, kada wuƙar ta taɓa silin ciki. Za a ga sili takwas an murɗe su biyu-biyu: ruwan lemu, kore, shuɗi, da ruwan ƙasa, kowanne da abokinsa fari mai ratsin launinsa. A Cat6 akwai wata roba a tsakiya da ke raba su, a yanke ta daidai bakin robar waje. A warware su, a miƙar da kowanne tsakanin babban yatsa da manuni har ya daina lanƙwasa, sannan a jera su daga hagu zuwa dama bisa tsarin da ake kira T568B:

1. fari mai ratsin ruwan lemu
2. ruwan lemu
3. fari mai ratsin kore
4. shuɗi
5. fari mai ratsin shuɗi
6. kore
7. fari mai ratsin ruwan ƙasa
8. ruwan ƙasa

A lura da cewa koren da abokinsa ba sa maƙwabtaka, shuɗi biyun sun shiga tsakaninsu. A nan masu koyo suka fi kuskure, domin hankali na ba mutum cewa kowane launi ya zauna kusa da ɗan'uwansa. Wani kuma yakan ce ai tun da bakin biyu iri ɗaya ya jera, kowane tsari ya bi daidai ne. A kebul na mita biyu yana iya tsira, amma a na mita talatin zai ga gudu ya faɗi ko haɗin yana yankewa, saboda murɗin nan ba ado ba ne, shi ke kashe hayaniyar lantarki da ke shiga waya, kuma yana aiki ne kawai idan silin da aka murɗe tare su ne ke ɗaukar saƙo ɗaya.

Bayan an jera, a danne su da yatsa su kwanta a layi, a yanke bakinsu a miƙe, a bar kamar milimita 13 daga robar waje. A riƙe kan RJ45 ƙarafansa na kallon sama, ɗan harshen robar na ƙasa, ramin na fuskantar mai aiki; a haka lamba 1 tana hagu. A tura silin har kowanne ya taɓo ƙarshe. A ɗaga shi a haske a duba ta goshi: ya kamata a ga ɗigon jan ƙarfe takwas sun jeru, a kuma ga robar waje ta shiga cikin kan, yadda haƙorin baya zai cije ta ba silin ba. A sake karanta launukan ta jikin robar kafin a matsa, domin sili kan tsallake ɗan'uwansa wajen turawa. Idan komai daidai, a sa a filaya a matsa da ƙarfi sau ɗaya har ta kai ƙarshe. Ɗaya bakin ma T568B za a yi masa. A da akan yi kebul mai giciye don haɗa kwamfuta biyu kai tsaye, amma na'urorin yanzu suna daidaita kansu, ba a buƙatarsa.

A sa baki biyun a tasta. Fitilu su bi 1 zuwa 8 a jere a ɓangarorin biyu. Fitilar da ta ƙi kamawa na nufin silin bai kai ƙarshe ba ko ya karye, waɗanda suka sauya wuri kuma na nufin kuskuren jeri. Kan da aka matsa ba ya gyaruwa, sai a yanke a sake. Wanda ba shi da tasta ya jona kebul tsakanin suwici da laftof, ya duba gudun da kwamfuta ta nuna a bayanin haɗin. Idan na'urorin biyu Gigabit ne amma ta nuna 100, to akwai silin da bai kama ba, domin gudun 100 sili huɗu kawai yake amfani da su, wato 1 da 2 da 3 da 6, shi kuwa Gigabit sai takwas ɗin duka.

Mataki na 5: Jona na'urori da shiga cikin rawuta

A kashe rawuta kafin a sa sim. A bayanta akwai rami ɗaya mai launi daban da aka rubuta wa WAN, sauran kuma LAN. Ramin WAN na intanet mai shigowa ne daga akwatin kamfani, mai amfani da sim ba ya buƙatarsa. A ja kebul ɗaya daga LAN zuwa kowane rami na suwici, sauran kwamfutoci su shiga suwici. Kada a taɓa jona kebul biyu tsakanin rawuta da suwici da nufin ƙara gudu, kada kuma a bar baki biyu na kebul ɗaya a cikin suwici ɗaya. Hakan na sa saƙonni su yi ta kewayawa ba iyaka, fitilu duka su kama ƙiftawa da sauri, komai ya tsaya cik.

A juya rawutar a karanta takardar da ke manne a ƙasanta. Akwai adireshinta, wanda galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, ko 192.168.8.1 a yawancin na Huawei masu sim, da sunan shiga da kalmar sirri. A buɗe burauza a kwamfutar da ke jone da kebul, a rubuta lambar a layin adireshi na can sama, ba a akwatin bincike na Google ba. Ba a buƙatar data don buɗe wannan shafi, daga cikin akwatin yake fitowa. Idan rawutar ta hannu ce kuma kalmar sirrin ba ta shiga, a nemi ɗan ramin da aka rubuta wa Reset, a danna da tsinke kamar daƙiƙa goma tana kunne, za ta koma yadda ta fito daga kamfani.

Abu na farko da za a yi a ciki shi ne sauya kalmar sirrin shiga rawutar kanta. Wannan daban take da ta Wi-Fi, kuma ita aka fi mantawa. Wanda ya bar ta a kan admin ya ba duk yaron da ya taɓa hawa Wi-Fi ɗinsa damar shiga ya sauya komai. Daga nan a duba shafin da ke nuna ƙarfin sabis, a nemi RSRP. Lambar tana da alamar ragi a gabanta, kuma mafi kusa da sifiri ta fi kyau: -80 sabis ne mai ƙarfi, -100 mai rauni ne, abin da ya kai -110 kuwa sai haƙuri. A riƙa matsar da rawutar daga wannan taga zuwa waccan ana duban lambar, domin sandunan da ke jikin akwatin ba sa nuna ƙananan bambance-bambance. Idan duk ginin bai ba da lamba mai kyau ba kuma rawutar na da wurin ɗaura eriya, a kafa eriyar waje a saman rufi tana fuskantar turken sabis.

Mataki na 6: Saita Wi-Fi

A shiga sashen Wireless ko WLAN. A sauya sunan da wayoyi ke gani zuwa wanda ma'aikata za su gane, amma kada a sa lambar waya ko cikakken sunan mai gida. A wajen tsaro a zaɓi WPA2, ko WPA3 idan duk na'urorin ofis sababbi ne, tun da shi a 2018 ya fito kuma tsofaffin firintoci da wayoyi ba su san shi ba. Kada a zaɓi WEP ko da an gan shi a jerin, an daɗe da fasa shi. Kalmar sirri ba ta gaza harafi 8, amma gara a kai 12 ko fiye, a haɗa kalmomi uku ko huɗu da ba su da alaƙa da juna da wasu lambobi. Lambar wayar mai shago da shekarar haihuwarsa su ne farkon abin da maƙwabta ke gwadawa. A kashe WPS, wato hanyar hawa Wi-Fi da gajeriyar lamba ko danna maɓalli ba tare da kalmar sirri ba, domin tun 2011 aka gano cewa ana iya fasa lambarsa.

Rawutoci da yawa suna watsa zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Na 2.4 ya fi nisa da ratsa bango, amma ya fi cunkoso, domin Bluetooth da na'urar ɗumama abinci da rawutocin maƙwabta duk a nan suke. Na 5 ya fi gudu da tsabta, sai dai bango biyu sun isa su raunana shi. A lura, wannan 5 GHz ba shi ne 5G na kamfanonin waya ba, ko da yake wasu rawutoci kan liƙa wa sunansa 5G. A kunna duka biyun, na kusa su hau 5, na ɗakin ƙarshe su hau 2.4. A zangon 2.4 tashoshi uku ne kawai ba sa shiga juna, wato 1 da 6 da 11. A kasuwa ko plaza inda kowane shago ke da rawuta, a sauke manhajar duba Wi-Fi a wayar Android, a ga wadda ta fi sauƙin jama'a cikin ukun, a kafe rawuta a kanta, a bar faɗin tashar a 20 MHz.

Mai shagon da kwastomomi ke roƙon Wi-Fi ya kunna sashen baƙi, wanda ake rubuta wa Guest, da kalmar sirri dabam. Mai hawa ta nan zai samu intanet amma ba zai ga kwamfutocin shago ba. Ya kuma sani cewa wayoyin Android na yanzu suna nuna kalmar sirri a hoton QR ga duk wanda aka ga dama, saboda haka karɓar wayar mutum a rubuta masa da hannu ba ya ɓoye komai. Maganin kawai a riƙa sauya ta baƙin lokaci-lokaci.

Mataki na 7: Firinta da faɗaɗa sigina

Firinta mai ramin kebul tana buƙatar adireshin da ba ya sauyawa, in ba haka ba wata rana bayan ɗauke wuta za ta tashi da sabuwar lamba, kwamfutoci su neme ta su rasa. A sashen DHCP a taƙaita rabon lambobi daga 100 zuwa 200, sannan a ba firinta lamba a wajen wannan iyaka da hannu, misali 192.168.1.20, a rubuta a takarda a manna mata. Idan firintar USB kaɗai gare ta, a jona ta da kwamfuta ɗaya a buɗe rabawa daga Windows, da sanin cewa duk lokacin da wannan kwamfutar take kashe ba mai iya bugawa.

Idan Wi-Fi bai kai wani ɗaki ba, abin da masu shago ke saurin miƙo wa mutum shi ne rifita, wadda ake soka wa a soket ta kamo sigina ta sake watsawa. Tana aiki, amma irin mai rediyo ɗaya takan rage gudu da kusan rabi, kuma idan aka sa ta a inda siginar ta riga ta mutu ba abin da za ta ƙara. Hanyar da ta fi ita ce a ja kebul zuwa can a sa rawuta ta biyu, ko tsohuwa ce. A fara jona ta da laftof ita kaɗai, a ba ta adireshi cikin jerin ta farkon, kamar 192.168.1.2, a kashe DHCP ɗinta, sannan a haɗa LAN ɗinta da suwici, a bar WAN ɗinta a wofi. Kashe DHCP ɗin nan wajibi ne. Idan masu raba lamba suka zama biyu, wasu wayoyi za su samu intanet wasu su rasa ba tare da wani dalili da ake gani ba. A ba ta suna da kalmar sirri irin na ta farko, amma tasha daban.

Tsakanin gini biyu kuwa, ban cika son a rataya kebul a sararin sama ba, domin tsawar damina ko ba ta faɗo a kansa ba tana iya turo wutar da za ta ƙona ramukan na'urori a gefen biyu. Gara a sa tagwayen eriya na waje irin na Ubiquiti ko TP-Link suna kallon juna, da sharaɗin babu bishiya ko gini a tsakani. Wanda ya kafa su da rani ya yi lissafin ganyen da dalbejiya ko mangwaro za su ƙara idan ruwa ya sauka.

Mataki na 8: Gwaji da gano matsala

A kwamfuta mai Windows a buɗe baƙin allon umarni ta rubuta cmd a wurin bincike, sannan a rubuta ipconfig. Idan adireshin ya fara da 192.168, kwamfutar ta samu lamba daga rawuta. Idan ya fara da 169.254, ba ta samu ba, ita ta ƙirƙira wa kanta, kuma laifin na kebul ne ko suwici ko DHCP, babu ruwan kamfanin layi. Daga nan a rubuta ping, umarnin da ke aika ɗan saƙo ya jira amsa, a bi shi da adireshin rawuta. Idan amsa ta dawo, cikin gida lafiya. Sai ping 8.8.8.8, wanda na Google ne: amsa daga nan na nufin hanyar waje a buɗe take, rashin amsa kuma na nufin a duba data ko sim ko sabis. Na ƙarshe ping google.com. Idan lambar ta amsa amma sunan ya ƙi, matsalar DNS ce, a shiga rawuta a sa 8.8.8.8 da 1.1.1.1 a gurbinsa. A riƙa bin wannan jeri kullum daga kusa zuwa nesa, tun daga fitilar wuta da ta ramin kebul, kafin a taɓa maɓallin Reset, wanda ke share duk aikin da aka yi.

Wajen auna gudu, a yi da kebul tukuna sannan da Wi-Fi, domin a san inda ake asara. Kamfanoni da megabit suke talla, burauza kuma da megabait take nuna saukar fayil, kuma megabit 8 ne ke yin megabait 1. Wanda aka sayar wa gudun 16 ya ga fayil na sauka da 2 ba a cuce shi ba. Gwajin gudun kansa yana cin data, kada a mayar da shi abin wasa.

Idan datar mai iyaka ce, a shiga saitin haɗin kowace kwamfuta mai Windows a kunna Metered connection, domin kwamfutoci huɗu da ke sauke sabuntawa a ɓoye suna iya cinye rabon mako a dare ɗaya. A wayoyin ma'aikata ma a kashe ajiye hotuna da sabunta manhajoji ta Wi-Fi, tun da waya na ɗaukar duk Wi-Fi a matsayin kyauta. Sai a rubuta adireshin rawuta da kalmomin sirri biyu da lambar firinta da lambobin kebul a takarda ɗaya a ajiye a aljihun tebur mai makulli, a kuma adana kwafin saitin daga sashen Backup na rawutar. Lokacin hunturu a riƙa cire ta daga wuta sau ɗaya a wata a kakkaɓe ƙurar da ta toshe ramukan shan iskarta da busasshen buroshi.